Kama Da Wane Ba Ta Wane: Rami Dabam, Hanyar Ƙarƙashin Ƙasa Dabam

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin labarai na gidan rediyo ko na jarida a garin Bauci ya san yadda aikin fassara yake idan lokaci ya ƙure. Labari ya iso da Turanci, saura 'yan mintoci a karanta shi da Hausa, mai fassara kuwa ba shi da sukunin buɗe ƙamus, balle ya nemi wani masani ya tambaya. A irin wannan hali ne kalma guda takan zama jakar magori, a yi ta cusa mata kaya iri iri har ta rasa abin da take nufi. Daga cikin kalmomin da suka fi shan wannan wahala akwai "rami".

Turawa suna da kalmomi sun kai goma na wuraren da ake bi ta ƙarƙashin ƙasa. Akwai tunnel da underpass da subway, akwai shaft da adit, akwai culvert da sewer, ga kuma cave da burrow da catacomb. Amma da yawansu in sun shigo Hausa sai su fito da riga ɗaya, watau rami, ko kuwa in an kyautata a ce "ramin ƙarƙashin ƙasa", kamar dai akwai wani ramin da ake ginawa a sararin sama. Mai karatu zai iya cewa wannan ai ƙaramin abu ne, gardamar malaman makaranta ce kurum. To, ba haka abin yake ba, domin kuwa a cikin waɗannan kalmomi akwai maganar rayukan mutane, akwai kuma maganar dukiyar jama'a.

Sirrin waɗannan kalmomi bai wuce tambayoyi huɗu ba. Wa ya yi wurin, mutum ne ko dabba, ko kuwa haka aka tarar da shi? A kwance yake ko a tsaye? Bakinsa ɗaya ne ko biyu? Mene ne yake bi ta cikinsa, mutane ko motoci ko jirgi ko ruwa? Wanda ya riƙe tambayoyin nan huɗu, da wuya wata kalma daga cikinsu ta ruɗe shi.

Hanya mai baki biyu

Babbar cikinsu ita ce tunnel. Asalinta daga wata tsohuwar kalmar Faransanci ce mai nufin ganga irin ta zuba ruwa ko mai, kuma siffar ke nan: dogo, mai rufi a kewaye. Abin da ake kira da wannan suna mutum ne yake haƙa shi, a kwance yake, kuma galibi ana shiga ta wannan baki a ɓulla ta wancan. Na farko da aka haƙa a ƙarƙashin babban kogi mai ɗaukar jiragen ruwa shi ne na Kogin Temis a London, wanda aka buɗe a 1843. Wanda ya haɗa Ingila da Faransa ta ƙarƙashin teku an buɗe shi a 1994, tsawonsa wajen kilomita 50. Na jirgin ƙasa da ya ratsa duwatsun Gotthard a ƙasar Suwizalan, wanda aka buɗe a 2016, ya kai kilomita 57, watau mutum ya tashi daga Bauci ya yi tafiyar kusan rabin hanyar Jos bai ga hasken rana ba.

Rami kuwa a wurin Bahaushe abu ne da ake faɗawa ciki. Shi ya sa aka ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, aka kuma ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Duka karin maganar biyu suna nuna wuri mai baki ɗaya, wanda yake da ƙarshe, ba ya ɓullewa ko'ina. Saboda haka wanda ya kira tunnel rami ya kawar da babban abin da ya sa aka yi shi, watau wucewa.

Misalin da ya fi kusa da zukatan jama'ar ƙasar nan shi ne abin da ya auku a lokacin aikin Hajji na 1990. Ran 2 ga watan Yuli na wannan shekara, alhazai 1,426 suka rasu a hanyar Mu'aisim, wadda aka fasa dutse aka yi domin masu tafiya a ƙasa tsakanin Makka da Mina. Tsawonta wajen mita 550 ne, faɗinta kuwa kamar mita 10. Cunkoso ne ya yi yawa a ciki, ga zafi, ga ƙarancin iska, na baya suna turowa, na gaba ba su sami wucewa ba. To, da mai fassara zai ce alhazai sun rasu a cikin wani rami, me tsohuwar da ɗanta ya tafi Makka za ta fahimta tana zaune a Unguwar Jahun ko Nasarawa? Za ta ɗauka ƙasa ce ta rufta da su, ko kuwa sun faɗa wani kwazazzabo. Maniyyacin baɗi kuma ba zai koyi darasin da ya kamata ya koya ba, watau hanya mai rufi ba ta da gefen da za a kauce, don haka ba a tsayawa a cikinta, ba a kuma juyowa a fuskanci masu tahowa. In aka ce "hanyar da aka fasa ta cikin dutse", an ƙara kalmomi kaɗan, amma an faɗi gaskiya.

Kogo da ramin dabba

Kalmar cave ba ta da wuya, domin Hausa tana da kogo tun fil azal. Shi kogo yawanci ba aikin hannu ba ne, ruwa ne da tsawon zamani suke cin dutse har ya rarake. A 2018 yara 12 'yan ƙwallo da mai koyar da su suka maƙale a kogon Tham Luang na ƙasar Tailan bayan ruwan sama ya cika hanyar fita, aka shafe kwana 18 kafin a fito da na ƙarshensu. Abin da ya sa ceton ya yi wuya shi ne kogo ba shi da ma'auni: nan ya buɗe kamar zaure, can ya tsuke sai da rarrafe, gaba kuma ruwa ya cika shi har rufi. Da hanya ce wadda injiniya ya auna ya haƙa, da labarin bai kai haka ba.

Amma fa Turawa su ma ba kullum suke bin ƙa'idarsu ba, kuma shaidar haka tana nan cikin Jihar Bauci. A gandun dajin Yankari, a Ƙaramar Hukumar Alkaleri, akwai ɗakuna 59 da mutanen dā suka rarake a jikin dutse mai laushi, waɗanda ake kira Marshall Caves da sunan P. J. Marshall, wanda ya ba da labarinsu a 1980. Hannun mutum ne ya yi su, duk da haka an kira su cave, saboda wurin fakewa ne mai baki ɗaya, ba a ratsawa ta ciki a fita wani wuri. A nan Hausa da Turanci sun yi daidai, kogo ya wadatar.

Shi kuwa burrow shi ne ainihin inda kalmar rami ta zauna daram, watau na gafiya da kurege da ɓera da sauran dabbobin da suke tona ƙasa su yi gida. Catacomb kuma hanyoyi ne na ƙarƙashin ƙasa da aka jera gawawwaki ko ƙasusuwa a bangonsu, kamar na tsohon birnin Rum, da na Paris inda aka tara ƙasusuwan mutane wajen miliyan shida. Wannan sai a ce maƙabartar ƙarƙashin ƙasa.

Na tsaye da na kwance

Ma'aikatan haƙar ma'adinai suna da nasu kalmomin, kuma a wurinsu kuskure a kai ba wasa ba ne. Shaft shi ne wanda yake tafiya ƙasa a tsaye ko da ɗan karkata, kamar rijiya. Kalmar tun asali sandar mashi take nufi, watau abu dogo miƙaƙƙe. Adit kuwa daga Latin yake, ma'anarsa mashiga, kuma shi ne wanda ake fasawa a kwance daga gefen tudu a shiga ciki, mutum ya shiga da ƙafarsa, ruwan da ya taru a ciki kuma ya gangaro waje da kansa. Bambancinsa da tunnel shi ne ba ya ɓulla ta ɗaya gefen. Irin wannan mashiga ce aka yi amfani da ita a mahaƙan kwal na Inugu, inda kwal ɗin yake kwance a jikin tuddai.

A ƙasar Bauci ta dā, wadda ta haɗa har da tsaunukan Jos kafin a ware Lardin Filato a 1926, kamfanonin Turawa sun fi haƙar kuza ta hanyar yaye ƙasa daga sama, abin da ya bar manyan kududdufai har yau. Masu haƙa da hannu kuwa, a ƙasar Toro da kewayenta, sukan yi rijiya ne su sauka, in sun tarar da ƙasar kuza sai su bi ta a kwance. Don haka idan labari ya zo cewa ƙasa ta rufta da mahaƙa, tambayar farko da mai ceto zai yi ita ce: bakin rijiyar ne ya toshe, ko kuwa rufin hanyar da ke kwance ne ya zubo? Amsar ita ce za ta nuna inda za a sa diga.

Duniya ta ga wannan a ƙasar Chile a 2010, sa'ad da mahaƙar San José ta rufta da mutum 33 a zurfin wajen mita 700. Hanyar da suke bi da motoci su sauka ita ce ta toshe. Sai da aka huda wata siririyar rijiya daga sama, aka riƙa zura wani keji na ƙarfe ana jawo su ɗaya bayan ɗaya, bayan kwana 69. Wanda ya ce "rami ya rufta, an haƙa rami an fito da su daga rami" ya ba da labari, amma mai saurare bai ga komai ba.

Abin sha'awa shi ne haɗa na tsaye da na kwance tsohuwar fasaha ce. A cikin Yankari ɗin dai akwai rijiyoyin Dukkey, sun fi ɗari, waɗanda aka haɗa su da juna ta ƙasa domin tara ruwa. A Tuwat ta ƙasar Aljeriya, inda Shehu Magili ya zauna kafin ya zo Kano, manoman dabino suna da foggara, watau doguwar hanyar ruwa a ƙarƙashin ƙasa mai jerin rijiyoyi a bisanta domin iska da kwashe yashi. Irin wannan aiki ne Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, ta sa aka yi domin kai wa alhazai ruwa, wanda ake kira Ainu Zubaida.

Gadar ƙasa da gardamar Ingila da Amurka

Underpass gajeriyar hanya ce da take bi ta ƙarƙashin wani titi ko layin dogo. Kishiyarta ita ce wadda Ingilishi suke kira flyover, Amurkawa su ce overpass. A nan jama'a ba su jira malamai ba. Da aka yi ta Kabuga da ta Gadon Ƙaya a Kano a zamanin mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga baya aka yi ta Ƙofar Ruwa a zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, direbobi da 'yan kasuwa suka raɗa musu suna "gadar ƙasa", suka bar "gadar sama" wa mai tashi bisa. Sunan ya yi daidai, gajere ne, kuma yaro ma ya gane. Da aka shiga aikin gadojin sama a Wunti da wajen Babbar Kasuwa a garin Bauci a zamanin Gwamna Bala Muhammad, mutanen gari sun tarar da kalmar a shirye.

Sai dai akwai abin da ya kamata direba ya sani game da bambancin biyun. Gadar sama ruwa yana zuba daga kanta, gadar ƙasa kuwa ruwa yana zuba a cikinta. In magudanarta ta toshe, ko injin zuƙe ruwa ya tsaya, cikin ɗan lokaci sai ta zama tafki. Saboda haka idan aka yi gargaɗi a rediyo da damina, faɗin wace gada ake nufi ba ƙaramin abu ba ne.

Kalmar da ta fi kowace yaudara ita ce subway, domin Turawan ma ba su daidaita a kanta ba. A Ingila, in mutum ya ga allo an rubuta ta, 'yar hanya ce ta masu tafiya a ƙasa domin su tsallake titi ta ƙarƙashi. A Amurka kuwa jirgin cikin gari ake nufi, kamar na New York da aka buɗe a 1904. Mutanen London nasu jirgin Underground suke ce masa, shi ne na farko a duniya, an buɗe shi ran 10 ga Janairu, 1863. Suna kuma yi masa laƙabi da Tube, watau bututu, saboda siffar hanyoyi masu zurfi da aka fara buɗewa a 1890. Na Paris, wanda aka buɗe a 1900, Metro ake ce masa, kuma wannan suna ne ya bazu a duniya, har da Alƙahira, wadda ta riga sauran biranen Afirka a 1987. Don abin ya ƙara dagulewa, mutanen Glasgow, su da suke cikin Birtaniya, nasu jirgin na 1896 Subway suke kiransa.

Ashe ke nan kafin mai fassara ya taɓa wannan kalma, sai ya duba daga wace ƙasa labarin ya fito. In ba haka ba zai sa jirgi a inda mutane suke tafiya da ƙafa. Har wa yau Metro ba lalle ne ya kasance a ƙarƙashin ƙasa ba. Fiye da rabin layin London a fili yake tafiya duk da sunansa, jirgin cikin gari na Legas da ya fara ɗaukar fasinja a 2023 kuwa wani sashensa a kan ginshiƙai yake, bisa kawunan mutane. Ga kuma wata 'yar matsala ta Hausa ita kanta: tun da an riga an ce "jirgin ƙasa", in aka zo kan na London sai a ji mutum yana cewa jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa. Maganar ta yi tsawo, amma gara ita da wadda za ta ɓad da mai saurare.

Kwalbati ba gada ba ce

Saura hanyoyin ruwa, kuma a nan ne maganar kuɗi ta shigo. Culvert Hausa ta riga ta are ta, ta mai da ita kwalbati. Ita ce mashigar da ake yi wa ruwa a ƙarƙashin titi ko layin dogo, wata zobe zobe ce ta kankare, wata kuma mai kusurwa huɗu kamar akwati. Duk wanda ya bi layin dogon da ya iso Bauci daga Kuru a 1961, ya zarce Maiduguri a 1964, zai yi ta ganinsu a gindin tudun da aka ɗora layin. Injiniyoyi da yawa sukan sa iyaka a wajen mita 6: abin da faɗinsa bai kai haka ba kwalbati ne, wanda ya wuce kuwa gada. Drain shi ne lambatu ko kwata da ke gefen titi, sewer kuwa bututu ne binne mai kwashe ƙazantar gari. Bahaushe ma yana da wuriya, 'yar kafar da ake bari a gindin katanga domin ruwan gida ya fita, wadda ita ce kakar kwalbati.

To, a ce kasafin kuɗi ya nuna za a yi culvert a wani ƙauye, mai fassara ya ce za a yi gada. Mutanen ƙauyen za su zuba ido, in suka ga an kawo zobba uku sai su ce an cinye kuɗinsu, alhali abin da aka rubuta shi aka yi. In kuma abin ya juya, aka rubuta gada aka karanta kwalbati, ɗan kwangila ya jera zobba ya tafi da sauran kuɗin, ba mai cewa uffan, sai ranar da ruwan Agusta ya zo ya tafi da hanyar. Talaka ba ya ganin takardar kasafi, abin da ya ji a rediyo ko aka karanta masa a jarida shi ne hujjarsa. Wanda ya sauya masa kalma ya karɓe masa sandar da zai bi hakkinsa da ita.

Abin da ya rage

Ba za a ce Hausa ta gaza ba. Harshen da ya raba rami da kogo da rijiya da kududdufi da gwalalo da kwazazzabo da wuriya ba matalaucin harshe ba ne, kuma wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934, ko Ƙamusun Hausa da Jami'ar Bayero ta fitar a 2006, zai ga haka da idonsa. Kakannin da suka ga abin hawa mai tashi suka ce jirgin sama, jikokinsu suka ga titi ya nutse suka ce gadar ƙasa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne natsuwa a ɗakin labarai, da kuma daidaito tsakanin gidajen watsa labarai, yadda kalmar da aka ji a Bauci ita za a ji a Sakkwato da Maraɗi.

Ya kamata kowane ɗakin labarai ya ajiye ɗan littafi na irin waɗannan kalmomi, editoci su zauna da malaman Hausa da injiniyoyin Ma'aikatar Ayyuka su tsai da magana guda, sabon ma'aikaci ya tarar da shi a kan tebur. Kafin a kai ga haka, tambayoyin nan huɗu ba sa cin minti guda: wa ya yi shi, a kwance yake ko a tsaye, bakinsa nawa, me ke bi ta ciki. In Hausa tana da kalmar, a yi amfani da ita. In ba ta da ita, a siffanta abin da kalmomi uku ko huɗu, mai saurare ya gan shi a zuciyarsa. Rami kuma a bar wa gafiya abinta.

Allah ya sa masu abin su ji, su kuma gyara.